Lamba Biyu a Wuyan Soja: Sharhi kan Devotion da Cabascabo

Kalmar "lamba" baƙuwa ce a Hausa. Daga Ingilishi muka aro ta, daga kalmarsu ta ƙidaya, a zamanin da "bariki" da "fareti" da "kurtu" suka shigo bakin mutane. Abin lura shi ne Bahaushe ya ɗora wa kalmar nan kaya biyu. Lamba ce ake ba kurtu ranar da aka rubuta shi soja, a riƙa nemansa da ita a littafi maimakon sunan da aka yanka rago aka raɗa masa. Lamba ce kuma ake maƙala masa a ƙirji idan ya yi abin da manyansa suka ga ya isa yabo. Hannu ɗaya ke ba da su duka biyun, ofis ɗaya kuma ke ajiye takardunsu.

Da wannan nake so mu kalli finafinai biyu. Ɗaya na Amurka ne, Devotion, na shekarar 2022, kan wani baƙar fata matuƙin jirgin sama na sojan ruwa da lambobin jarumtar da suka biyo bayan mutuwarsa. Ɗayan namu ne na gida, Cabascabo, wanda Umaru Ganda ya yi a Yamai a 1968, kan tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indoshin. Na san da yawanmu sun fi sanin irin na farkon, shi da ɗan uwansa Top Gun, don su ne ke yawo a wayoyi daga Maraɗi har Ɗan Isa. Na biyun kuwa, in ka zagaya fada goma kana tambaya, iyaka a ce maka an san sunan Ganda a jikin cibiyar al'adu ta Yamai. Ra'ayina a taƙaice shi ne: Devotion fim ne mai kyau da ya tsaya daidai inda ya kamata tambaya ta fara, wato ranar rataya lamba. Cabascabo, duk da talaucin kayan aikinsa, daga bayan an watse biki ya fara, kuma a nan ne labarin kakanninmu yake.

Abin da ya faru a kan dutsen ƙanƙara

Jesse Brown ɗan jihar Misisipi ne, an haife shi a 1926, lokacin da baƙar fata a kudancin Amurka ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da fari. Ubansa gonar wani yake nomawa a raba amfani. A watan Oktoba 1948 ya zama baƙar fata na farko da ya kammala horon tuƙin jirgin sama a rundunar sojan ruwan Amurka, watanni kaɗan bayan Shugaba Truman ya sa hannu a umarnin da ya hana wariyar launi cikin soja. Irin waɗannan matuƙa daga bayan jirgin ruwa suke tashi, a kan bayansa kuma suke sauka, teku na rawa da shi. Jirgin Brown samfurin Corsair ne, jirgin ruwan da ke ɗauke da su kuma ana ce da shi Leyte.

Ranar 4 ga Disamba 1950, a yaƙin Koriya, suna rufa wa sojojin ƙasa baya kusa da tafkin Chosin, wuta daga ƙasa ta sami jirginsa. Da ƙyar ya saukar da shi a gefen dutse cikin ƙanƙara, ƙarfe ya danne masa ƙafa. Abokin tashinsa, wani farar fata mai suna Thomas Hudner, ya hango yana ɗaga hannu, sai ya kayar da nasa jirgin da gangan kusa da shi don ya ciro shi. Jirgi mai saukar ungulu ya zo, suka yi ta sara da gatari, ƙarfe ya ƙi. Dare ya kawo jiki, dole suka tashi suka bar shi. Shekararsa 24. Har yau ba a dawo da gawarsa ba. A 2013 Hudner, da tsufansa, ya koma Koriya ta Arewa nemanta, bai sami isa wurin ba.

Ranar 13 ga Afrilu 1951 Truman ya rataya wa Hudner lambar jarumta mafi girma ta Amurka, wadda suke kira Medal of Honor, matar Brown, Daisy, tana wurin. Shi Brown bayan rai aka ba shi tasa, Distinguished Flying Cross, wadda ke ƙasa da waccan. Daga baya aka sa wa wani jirgin ruwan yaƙi sunansa.

Kada wani ya ce na zo rage darajar Hudner. Mutumin da ya jefa jirginsa a dutse saboda aboki ya yi abin da yawancinmu ba za mu iya ba. Mai tsara fim ɗin ma, J. D. Dillard, ya yi hankali, bai mai da shi labarin Nasara mai ceton baƙi ba. Wurare biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, Brown shi kaɗai gaban madubi yana maimaita wa kansa zagin da aka taɓa yi masa, wanda ya tara a ɗan littafi, kamar ɗan tauri mai shan magani kafin ya shiga fage. Na biyun ya fi shafar maganarmu. Bayan wani hari da Brown ya yi gaban kansa ya karya gada, Hudner ya rubuta rahoto, ya faɗi abin da ya faru, har da cewa an ba da umarnin juyawa Brown bai bi ba. A wurin Hudner layi ɗaya ne cikin takarda. A wurin Brown tabo ne da zai bi shi har ƙarshen aikinsa, don "ƙin bin umarni" ba nauyi ɗaya gare shi a kan baƙi da fari ba. A nan fim ɗin ya gane cewa a gidan soja alƙalami na iya yi wa mutum abin da harsashi bai yi masa ba.

To amma da ya kama wannan zare, sai ya sake shi. A ƙarshe alƙalamin nan dai, na hukumar nan dai, shi ya dawo da sunan lambar girma, aka sa kiɗa mai taushi, aka nuna fadar shugaban ƙasa, matar mamaci ma ita ke lallashin wanda ya rayu, mu kuma ana so mu tashi da cewa rauni ya warke. Sannan ga wani shiru babba. Yaƙin Koriya ya ci miliyoyin rayuka, amma mutanen da bama-bamai ke sauka a kansu ba su da suna ba su da baki a fim ɗin, ɗigo-ɗigo ne kawai da ake hangowa daga sama. Babu wanda ya tsaya ya tambayi me ya kai ɗan manomin Misisipi, wanda a jiharsu ake hana irinsa jefa ƙuri'a, ya je yana ruwan wuta a ƙasar da ba ta taɓa zaginsa ba. Fim ɗin ya soki wariyar da ke cikin runduna, amma yaƙin kansa da lambar da ke hatimce shi, waɗannan bai taɓa su ba.

Lamba magana ce, wa ke yin ta?

A darasin ma'anar magana an koya mana abin da masanin nan na Ingila, Austin, ya lura da shi: akwai maganar da faɗinta shi ne aikata ta. Mu ba ma buƙatar misalin Turawa. Waliyyi ya ce "na ba shi", wakili ya ce "na karɓa", aure ya ɗauru. Miji ya ce "na sake ki", igiya ta tsinke. Sarki ya ce "na naɗa ka", jiya kai talaka ne, yau kai hakimi. Sai dai sharaɗin shi ne bakin da ya faɗa. Ni in na tsaya tashar Madarunfa na ce wa ɗan kabu-kabu "na naɗa ka Ƙaura", ai dariya za a yi mini. Lambar girma irin wannan magana ce, an dai zuba ta a tagulla. Abin da take cewa shi ne: mu masu wannan tuta mun gani, mun yarda, mu aka yi wa aikin nan.

Ku gwada ta da kirari. A filin kokowa ko dambe, ɗan wasa ne ke fitowa ya buɗe baki da "sai ni", ya lissafa wanda ya kayar da inda ya kayar da shi, jama'ar da suka ga wasan suna zaune, in ya zuƙa nan take za su ƙaryata shi. Takardar da ke rakiyar lambar soja kuwa da "shi" take magana. Hafsa ne ke rubutawa, da harshen da sau da yawa mai lambar ba ya karantawa, kuma siffofin da ake zaɓa masa su ne masu amfanar runduna: mai biyayya, mai natsuwa a gaban wuta, abin koyi ga ƴan uwansa. A nahawu sojan ne ke aikata aikin da ke cikin jimla, amma jimlar ba tasa ba ce.

Misalin da ya fi fito da wannan fili yana tsallaken iyaka. Chari Maigumeri, mutumin Barno, a hannun Jamusawa ya fara soja a Kamaru, ya yi musu yaƙin duniya na farko, kuma an ruwaito sun ba shi lambarsu ta Gicciyen Ƙarfe saboda yadda ya yaƙi rundunar Ingila. Aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Ingilar, ya kai samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Boma, Ingila ma ta ba shi nata lambobin. Yau akwai bariki da sunansa a Lokoja. Mutumin ɗaya ne, ƙarfin zuciyarsa bai canza ba. Inda bakin bindiga ke kallo ne ya canza. To lambobin nan me suka auna?

Hausa ma da alama ba ta ruɗu da ƙyalƙyalin ba. Tauraron kafaɗar hafsa "anini" take ce masa, sunan mafi ƙanƙantar kuɗin zamanin Ingila, ɗaya bisa goma na kwabo. Aninin kansa yana da tauraro a jiki, don haka sunan bai zo da mamaki ba. Zanen hannun kofur da saje kuma "igiya" ake ce masa. Ɗan kuɗi da igiya. Duk wanda ya san tarihin aikin sojan mulkin mallaka zai ce bakin jama'a ya faɗi daidai, ko da bai yi niyya ba.

Mutumin da ya karɓe labarinsa

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi Indoshin, inda Faransa ke yaƙi da ƴan Biyetnam masu neman ƴancin kai, yaƙin da ta sha kashi a Dien Bien Phu a watan Mayu 1954. Ya dawo gida bai sami aiki ba, ya bi hanyar ƴan ci-rani zuwa Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jirgin ruwa. Can Jean Rouch ya same shi, ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, da sunan aro na wani ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson. Kusa da ƙarshen wannan fim akwai inda Ganda ke tafiya a bakin ruwa yana kwatanta wa wani ƙaramin abokinsa yaƙin Indoshin, yana jifa da hannu wofi kamar gurneti, yana zubewa ƙasa. Muryarsa ce, jikinsa ne, amma kyamara da almakashi suna hannun wani. Shekara goma bayan haka ya ɗauki kyamarar da kansa.

Cabascabo bai kai awa ɗaya ba, baƙi da fari ne. Ganda ne ya tsara shi, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan, Zalika Sule ma tana ciki. Labarin, kowa a nan ya san irinsa. Soja ya dawo, dangi da abokai sun yi masa caa, ana ta kambama shi, shi kuma yana ba da labarin fagen daga yana ɓarin kuɗin sallama. Yaƙin ba ya zuwa mana a jere, gutsure-gutsure yake faɗowa cikin hira, yadda yake faɗo wa wanda ya gan shi da ido. Kuɗi suka ƙare, abokai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga neman aiki, ya tarar sunan tsohon soja ba ya sayen tiyar hatsi. A ƙarshe ya saɓa kayan aiki a kafaɗa, ya ba birni baya, ya nufi karkara. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a 1969, aka kuma shigar da shi gasar Mosko a shekarar. A 1972 wani fim ɗin Ganda, Le Wazzou polygame, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne inda ya kafa kyamara. Dillard a sama ya kafa tasa, bayan matuƙi, inda jarumta aikin minti biyar ce kuma kowa na iya ganinta. Ganda a ƙasa ya kafa tasa, a ranakun da babu harbi babu ganga, inda tambayar ita ce nawa yabo ke saye a kasuwa. Yabon da ake yi wa Cabascabo daga bakin abokai yake fitowa, kuma tsawon ransa daidai yake da nauyin aljihu. Da wannan Ganda ya nuna cewa yabon soja, na baki ne ko na tagulla, ciniki ne, mai bayarwa yana da abin da yake nema. Kuma bai wanke sojansa ba. Cabascabo na da fankama, yana da almubazzaranci, wani abin shi ya ja wa kansa. A wurina wannan ne girmamawar gaske, a nuna mutum da aibinsa, maimakon a goge shi ya zama gunki.

Sai maganar harshe. Mutanen Cabascabo da bakinsu na gida suke magana, sojan kuma da "ni" yake ba da labarinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in muka tuna irin bakin da aka ba waɗannan sojoji. Tun daga suna aka fara. Rundunar da Faidherbe ya kafa a 1857 "tirailleurs sénégalais" aka ce mata, sunan kuma ya bi kowa: Bakatsinen Maraɗi, Bagobirin Tsibiri, Bazabarmen Doso, a takarda duk ƴan Senegal ne. A 1916 aka buga wani ɗan littafi don hafsoshin Faransa kan irin Faransancin da za su riƙa yi da su, an cire bambancin namiji da mace, an bar aikatau a sandare ba a jujjuya shi. A ɓangaren Ingila kuma Hausarmu ce aka sassaƙe ta koma Barikanci. Harshe irin wannan ya isa a ce "tashi", "harba", "kawo". Bai isa mutum ya kai ƙara ba, balle ya faɗi abin da ya gani da dare a cikin rami. Sannan a juyo a yi dariyar yadda yake magana, har a manna fuskarsa a gwangwanin Banania.

Usman Sembene, wanda shi ma ya sa kakin sojan Faransa a 1944, ya juya wannan makami a fim ɗin Camp de Thiaroye na 1988, wanda ya yi tare da Thierno Faty Sow. Da wannan karyayyen Faransancin sojojinsa ke yin taro, suna lissafin haƙƙinsu, suna kama janar da ƙarya. Wanda ya fara gane abin da ke tafe kuma shi ne Pays, sojan da sansanin Jamusawa ya ɗauke wa magana gaba ɗaya. Yana nuni, yana gurnani, ƴan uwansa suka ce hauka ne.

Washegarin fareti

Abin da Pays ya hango ya faru da gaske. Sojojin Afirka ta Yamma ne da Jamus ta tsare tun 1940, aka dawo da su Dakar a watan Nuwamba 1944, aka ajiye su a sansanin Thiaroye. Suka nemi bashin albashinsu kafin a watsa su garuruwansu. Safiyar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta. Sembene ya mai da abin dare, wannan ƙarin gishiri ne da labarin bai buƙata ba. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, Shugaba Hollande a 2014 ya ambaci 70, masana tarihi irin su Armelle Mabon suna ganin ɗaruruwa ne. Ku dubi tafiyar kalma ɗaya: a takardun hukuma "tawaye" ne, daga baya ya zama "murƙushewa mai jini", sai a Nuwamba 2024 Shugaba Macron ya rubuta "kisan kiyashi". Shekara 80 kafin suna ɗaya ya canza. A shekarar ce kuma aka ba shida daga cikin mamatan matsayin "ya mutu don Faransa". Bakin da ya ba da umarnin harbi shi ne dai ke zaɓen wanda za a yaba.

Waɗanda suka rayu kuma, wata kalmar ce ta ci su. Dokar kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci. Na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na wanda suka kwanta rami ɗaya yana nan inda aka bar shi. Sunan da aka ba abin "cristallisation", kalma mai ƙyalli kamar gilashi, an lulluɓe ƙwace da ita. Wani tsohon sarzan na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. A 2006, da fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya fito, Shugaba Chirac ya ɗaga wani ɓangare. Sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 28 ga Mayu 2010 aka daidaita sauran, daga farkon 2011. Mutum nawa ne suka kai wannan rana? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Nijar ma karin maganar ya fi daɗi, tunda muna da wani gardin na daban, na ƙofar kumandan.

Wannan rabin labarin ne Devotion ba shi da wurin sa shi, shi ne kuma Ganda ya gani tun 1968, kafin kotu ta ce uffan.

Inda Ganda ya gaza, da inda muke gazawa

Ba zan ce Cabascabo ba shi da rauni ba. Wuraren yaƙinsa sun nuna ƙarancin kuɗi, wanda ya saba da finafinan yanzu zai yi murmushi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshensa. "Koma gona" amsa ce mai sauƙi, irin wadda hukuma ke so a kowane zamani, don ta sauke mata nauyi. Ku faɗa wa saurayin Gabi ko Safo yau ya koma gona. Wace gonar? Wadda aka raba wa magada goma sha biyu, ko wadda ke bakin dajin da masu satar mutane da shanu ke fitowa? Ganda ya yi tambaya mai nauyi ya rufe ta da amsa marar nauyi. Duk da haka tambayar na nan, ta fi amsar tsawon rai.

Mu kuma fa? Muna ce musu "mazan jiya". Ku saurari kalmar da kyau, rabinta kirari ne, rabinta sallama: maza ne, amma na jiya. Yanzu da sojojin Faransa suka fice daga ƙasar nan a Disamba 2023, kowane mai lasifika ya tuna da su, ana cewa kakanninmu ne suka ƴantar da Faransa. Gaskiya ne, suna cikin waɗanda suka sauka a kudancin Faransa a watan Agusta 1944. Amma rundunar nan dai ita aka tura Madagaskar a 1947, da Indoshin, da Aljeriya, kan mutanen da ke neman abin da mu ma muke nema. Wani kama shi aka yi, mai gari ya miƙa ɗan wanda ba shi da gata. Wani da ƙafarsa ya je saboda albashi da kaki. Tagullar da ke cikin adakar kakarka, mai yiyuwa a kan ɗan Aljeriya aka same ta. In muka share wannan don taken gangami ya yi daɗi, to mun yi musu abin da hafsan Nasara ya yi: mun rubuta musu jimla da "shi", mun rataya musu.

Kuma maganar ba ta tsaya ga jiya ba. Ƴan ajinmu na lakwal nawa ne ke cikin kaki yanzu? Kowa ya riƙe cewa soja 71 suka faɗi a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, 89 kuma a Cinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. Adadin mun haddace. Wa zai kawo sunan uku daga cikinsu, da garinsu, da halin da matansu da ƴaƴansu ke ciki? Amurka ta san ranar da Jesse Brown ya faɗi, da dutsen, da sunan matarsa, shi ya sa bayan shekara 72 aka iya yi masa fim. A wannan kam sun fi mu, ba kuma jiragen sama ne suka ba su wannan fifiko ba, rubutu ne da ajiya.

Takardun aikin yawancin kakanninmu suna can Faransa, a ma'ajiyar sojoji ta garin Pau. Amma rabin da ba a rubuta ba yana nan Madarunfa. Wanda ya je Indoshin, in yana raye, ya kai shekara 90 ko ya haura, na Aljeriya ma sun kusa. Matansu da ƙannensu da ƴaƴansu na fari suna nan. Kowa a cikinmu na da waya mai ɗaukar murya. Ka je ka gaishe da tsohuwa, ka ce, "Iya, ranar da Baba ya dawo, mi ya kawo, mi ya ce?" Ka bar ta ta yi da bakinta, in ta ce "sunka tai" ka rubuta "sunka tai", kada ka gyara mata zuwa Hausar littafi. Ka nemi izini ka ɗauki hoton littafin sojan da lambar in akwai, ka fassara abin da hafsa ya rubuta, ka ajiye shi gefen abin da ta faɗa. Ka kuma kasa kunne ga kalmomi. Gidan da ake cewa "lajidan" da "sarzan" Faransa ce ta ɗauki ɗansu, gidan da ake cewa "samanja" da "kofur" ta Katsina aka bi. A nan bakin iyaka za ka iya samun duka biyun a zuri'a ɗaya, wa ya tafi Boma, ƙane ya tafi Indoshin.

Shawarata ga ƙungiyarmu: mu nemo finafinan nan biyu mu kalle su a dare ɗaya, Devotion da farko, Cabascabo nan take a bayansa, kafin ma a ɗora shayi na biyu. Sannan kowa ya zo da abin da ya samo daga gidansu, mu buga shi a fitowa ta gaba, da sunan mutumin cikakke a saman shafi, lambarsa a ƙasa.